Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Ilimi Mai Zurfi na Nijar: Ɗalibanmu Suna Son Ingilishi, Buɗe Baki Suke Tsoro

Mai girma Minista,

Ina rubuto muku ne a matsayina na malamar Ingilishi wadda ta zauna a bencin jami'a a ƙasar nan, kuma kowace shekara take sallamar ɗalibanta zuwa hannunku bayan sun ci jarrabawar bak ta kammala sakandare.

A watan Maris na 2025 aka sanya hannu a kan kundin sake gina ƙasa, wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma su ne harsunan aiki. Mu malaman Ingilishi mun yi murna, domin darasin da aka daɗe ana ɗauka a matsayin cikon benci ya samu gurbi a doka. Dalilin hakan ba ɓoyayye ba ne. Iyakarmu da Nijeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma cinikin Maraɗi da Damagaram da Ƙonni can yake fuskanta. Ga layin dogo da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi. Ga aikin man Agadem da matatar Damagaram, inda injiniyanmu zai zauna teburi ɗaya da baƙon da bai jin Faransanci. Ɗalibin likitanci ko na aikin gona da ya kai matakin bincike zai tarar mafi yawan mujallun da yake buƙata da Ingilishi aka rubuta su. Ba a kan wannan nake so in ɓata muku lokaci ba, kun fi ni sani.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, harshen aiki da baki ake aiki da shi, ɗalibanmu kuwa bakinsu a rufe yake. Yarinya ko yaro zai fara Ingilishi tun ajin farko na kwaleji, ya yi shekara 7 yana yi kafin bak, ya ƙara 3 a jami'a, ya ci maki 14 cikin 20 a nahawu, amma idan baƙo ya tambaye shi hanyar kasuwa sai ya kama in-ina, ya tsere zuwa Faransanci. Ana yawan cewa rashin littattafai ne, ko rashin ɗakin na'urorin sauraro. Akwai wannan. Amma akwai wani abu da ba ya shiga rahoton da ake kawo muku ofis, wato abin da ɗalibi yake ji a ƙirjinsa sa'ad da malam ya nuna shi da yatsa.

Na taɓa zama a bayan aji a wata jami'a ina kallon ɗalibai suna gabatar da aikin da aka ba su. Wata ɗaliba ta fito da takarda biyu a hannu. Na ga rubutun daga baya, Ingilishi ne tsaf, ya fi na yawancin ajin. Ta soma karantawa, muryarta can ƙasa, gefen takardar yana rawa. A layi na uku ta zo kan wata kalma ta furta ta yadda Bafaranshe zai furta. Wani daga benci na ƙarshe ya maimaita kalmar da muryar mata, aji ya fashe da dariya. Malam bai tsawata ba. Ya katse ta, ya faɗi kalmar daidai, ya ce ta maimaita, ta maimaita, ya ce ta sake. Daga nan ba ta ƙara ɗaga kai ba. Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, ta tsallake sakin layi guda don ta gama da wuri, ta koma ta zauna. Da muka fito na yi mata magana, sai ta ce mini: "Madam, wallahi na san abin. A ɗaki na yi shi ba kuskure. Ina tsayawa gabansu sai kaina ya ɗauke." Malamin nan ba mugu ba ne. Yadda aka koyar da shi haka yake koyarwa. Amma a rajistarsa yarinyar nan za ta fito a matsayin mai rauni a magana, alhali ba iyawa ta rasa ba.

Masana sun daɗe da ba wannan abu suna. A shekarar 1986, Elaine Horwitz da abokan aikinta a Jami'ar Texas ta Amurka suka nuna cewa ajin koyon baƙon harshe yana da irin tasa fargabar, wadda ta bambanta da tsoron lissafi ko na jarrabawa kawai. Suka tsara ma'auni mai tambayoyi 33 da har yau ake amfani da shi a ƙasashe da dama. Sun danganta fargabar da abubuwa uku: tsoron yin magana da mutane, tsoron hukuncin da masu sauraro za su yanke maka, da tsoron jarrabawa. Dalilin da ya sa ta fi tsanani a ajin harshe shi ne, mutum mai hankali da iya zance a harshensa, sai ga shi ya koma yana haɗa jimla kamar ɗan yaye, kuma a gaban tsaransa. Peter MacIntyre da Robert Gardner na Kanada sun nuna a 1994 cewa fargabar tana yin ɓarna a matakai uku: lokacin da magana ke shiga kunne, lokacin da ƙwaƙwalwa ke sarrafa ta, da lokacin da za a fito da amsa. Hankalin da ya kamata ya tafi neman kalma sai ya tafi wajen tunanin wa ke kallo, wa zai yi dariya. Abin da yarinyar nan ta kira ɗaukewar kai ke nan.

Mu a nan muna da ƙarin kaya a kan wannan, domin tsoron kuskure gadonsa muka yi. Duk wanda ya yi lakwal a ƙasar nan ya san shifta ta Faransanci, inda kuskure biyar ke mayar da makin yaro sifiri. Iyayenmu da yayyenmu sun san abin wuyan da ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen uwarsa a farfajiyar makaranta. Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tun a 1964 ya soki tsarin ilimin da ya mayar da harsunanmu saniyar ware. An daina rataya abin wuyan, amma darasin da ya bari bai gushe ba: harshen boko wuri ne da ake jin kunya, wanda bai tabbata ba gara ya yi shiru. Da wannan tarbiyya ɗalibi yake shiga ajin Ingilishi, harshen da ba a iya shi sai an yi ta kuskure a bainar jama'a. Ba a koyon iyo a kan tudu.

Shekaru da dama masu bincike fargabar kawai suke aunawa, kamar dai idan an kawar da ita komai ya daidaita. A 2014 ne Jean-Marc Dewaele na Landan da MacIntyre suka juya tambayar. Suka tambayi masu koyon harsuna 1,746 daga sassan duniya game da fargabarsu da kuma jin daɗinsu a aji: alfahari idan an yi abin kirki, dariyar da ake yi tare ba wadda ake yi wa mutum ba, malamin da ke ƙarfafa gwiwa, jin cewa yau na faɗi abin da jiya ban iya faɗi ba. Suka gano cewa jin daɗi da fargaba ba kishiyoyi ne na kai tsaye ba. Gaskiya ne idan ɗaya ya yi sama ɗayan yakan ragu, amma ba sosai ba. Ɗalibi yana iya jin duka biyun a sa'a guda, gabansa na faɗuwa kuma yana son a kira shi. Yana kuma iya rasa duka biyun, ba tsoro ba sha'awa, yana zaune yana jiran a tashi. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi ba ni tsoro, domin shi ya riga ya sallama.

Ma'anar wannan a wurinku, Mai girma Minista, ita ce rage tsoro kaɗai ba zai wadatar ba. Ajin da ba a dariyar kowa, amma malam ke karanto darasi ɗalibai na kwafa daga farkon sa'a zuwa ƙarshenta, ba zai haifar da mai magana ba. Akwai kuma wani abu a binciken nan da ya kamata ya faranta mana rai: waɗanda suka riga suka san harsuna da yawa sun fi jin daɗin koyon sabo, kuma fargabarsu ta fi sauƙi. Ɗalibin Nijar yakan zo jami'a da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Barbarci ko Buzanci, sau da yawa biyu daga ciki, ga Faransanci, ga Larabcin makarantar allo. Ingilishi shi ne na huɗu ko na biyar a bakinsa. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa wannan jari ne. Kullum lafazinsa ake nuna masa a matsayin aibi.

Yanzu ga batun da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato maza da mata. A 2016 waɗannan masana suka sake duba bayanan nasu, na mata 1,287 da maza 449. Mata suka fito sun fi maza jin daɗin ajin harshe, sun fi alfahari da abin da suka cim ma, kuma a lokaci guda sun fi damuwa da kuskurensu, sun fi rashin amincewa da kansu. Wato abin ya fi taɓa zuciyarsu ta kowane ɓangare. Ba zan ce a ɗauko wannan sakamako a ɗora wa ɗaliban Tawa ko Diffa ba. Mafi yawan waɗanda suka amsa Turawa ne masu ilimi da suka cike takardar a intanet don ganin damarsu, kuma binciken da aka yi a wasu ƙasashe bai zo da amsa iri ɗaya ba kan wannan batu. Amma abin da nake gani a aji ya yi kama da shi ƙwarai. Ƴammatan da suka fi kowa shiru su ne littafinsu ya fi cika. Su ne ke zuwa bayan an tashi su tambaye ni ma'anar wata kalma da suka ji a fim ko a rediyo. Son abin yana nan, hanyar fito da shi ce a toshe.

Mun tarbiyyantar da ƴaƴanmu mata a kan kunya, kuma ni ba na cikin masu cewa a zubar da ita. Ado ce, ni ma da ita aka raine ni. Sai dai yarinyar da aka yi shekara 18 ana gaya mata kada ta ɗaga murya a gaban maza, kada ta haɗa ido da babba, kada ta cika baki, ita ce rana ɗaya ake tsayarwa gaban babban ɗakin lacca cike da samari a ce ta yi muhawara da baƙon harshe, kuma a ba ta maki a kan ƙarfin muryarta. Idan namiji ya yi kuskure aka yi dariya, yakan taya su dariyar, abin ya wuce. Idan mace ta yi, kalmar takan zama laƙabinta har ƙarshen shekara. Idan kuma ta iya, ta yi magana da lafazi mai kyau, sai a ce tana iyayi, tana nuna ita Baturiya ce. Ko ta ina ta bi akwai mai jiran ta. Ga matar aure mai goyo, wadda ke tunanin kada labarin an yi mata dariya a aji ya kai gida.

A wajen aji ma rabon ba daidai yake ba. Saurayi yana da fada. Yana zaune da abokai ana dafa shayi har dare, ana kallon ƙwallon Ingila, ana jefa wa juna guntayen Ingilishi ba mai ba da maki. Yana raka kawunsa Katsina ko Kano saro kaya, ya dawo da Ingilishin kasuwa, karyayye amma mai rai. Ita kuwa ana tashi daga lacca gida za ta nufa, ga girki ga ƙanne. Ƙungiyar masu koyon Ingilishi ta ɗalibai, inda take akwai, sau da yawa da yamma lis take zama, lokacin da ba uban da zai bar ƴarsa a waje. Saboda haka aji shi ne kusan wuri ɗaya tilo da za ta buɗe baki da harshen nan. Idan ajin ya zama wurin tsoro, ba ta da wani.

Ku tuna kuma wace ce wannan yarinya. A ƙasar da alƙaluman UNICEF suka nuna kashi 76 cikin 100 na mata ana aurar da su kafin shekara 18, wadda ta kai jami'a ta tsallake siraɗi ba ɗaya ba. Iyayenta sun jure surutun dangi, ita ta jure nata. Asara ce babba a ce bayan duk wannan, dariyar ƴan bencin baya ce za ta rufe mata baki.

Kada a ɗauka maza sun tsira. Takardar tambayoyi abin da mutum ya yarda ya faɗa take aunawa, namiji kuwa an hore shi kada ya ce yana jin tsoro. Nasa tsoron yakan fito da wata kama: ya ƙi zuwa ranar da za a gabatar da aiki, ya koma bencin ƙarshe, ya ce Ingilishi ba shi da amfani, ko ya zama shi ne mai fara dariyar. Na sha ganin cewa wanda ya fi kowa kwaikwayon muryar wasu, idan aka kira shi ba ya iya haɗa jimla biyu. Musamman yaron ƙauye da ya yi kwalejin da aka shafe watanni ba malamin Ingilishi, ya zo ya tarar da ƴaƴan birni da suka yi makarantun kuɗi. Shi ma yana buƙatar a cece shi.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwar rubuto muku shi ne, babban ɓangaren maganin yana hannun malami, malami kuwa yana hannunku. Wani bincike da Dewaele da abokansa suka buga a 2018 a kan ɗaliban sakandare 189 a Landan ya nuna cewa fargaba ta fi alaƙa da shi kansa ɗalibin da matsayinsa a cikin tsaransa, amma jin daɗi ya dogara ƙwarai a kan malami: yadda ɗalibai ke kallonsa, da yawan amfanin da yake yi da harshen a aji. Wato ko malami bai iya cire tsoro daga zuciyar ɗalibi ba, yana iya zuba masa daɗin da zai rinjayi tsoron. Wasu dabarun ma ba sa cin ko dala. Mary Budd Rowe ta Amurka ta auna tun a shekarun 1970 cewa malamai sukan jira kimanin daƙiƙa 1 kacal bayan sun yi tambaya, kuma idan suka jira daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshi sukan ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana su fara. A ajinmu daƙiƙa ɗayan nan ta masu ƙarfin murya ce. Na gwada jira, na gwada barin ɗalibai su fara tattaunawa biyu-biyu kafin a amsa a gaban kowa, na gwada tara kurakurai in rubuta su a allo a ƙarshen darasi ba tare da sunan mai su ba. Hannayen da ban saba gani ba suka fara ɗagawa, yawancinsu na mata.

Roƙona na farko shi ne a raba darasin magana daga babban ɗakin lacca. Nahawu da adabi ana iya koyar da su ga ɗaruruwa a lokaci guda, magana kuwa ba ta yiwuwa sai a rukunin da bai wuce mutum 20 ko 25 ba. Na san za a ce ina malaman, ina kuɗin, alhali ana fama da alawus ɗin ɗalibai da shekarun karatu masu hawa kan juna. Ɗaliban da ke matakin digiri na biyu a sashen Ingilishi za su iya jagorantar waɗannan rukunoni da ɗan ihsani kaɗan, a lissafa musu shi cikin horonsu. Ba a buƙatar sabon gini, inuwar bishiya ma ta isa. A sanya su da rana cikin jadawalin karatu, yadda mace za ta halarta ba sai ta nemi izini na musamman a gida ba. A zangon farko, inda ɗalibai mata suka nemi rukuninsu su kaɗai, a ba su, kafin a haɗa su da maza idan baki ya saba.

Sai makin magana. Muddin jarrabawar baka ita ce tsayuwa sau ɗaya a shekara a gaban aji ko gaban malami, jarumta ake aunawa, ba harshe ba. A rarraba makin a kan ƙananan ayyuka cikin shekara, har da muryar da ɗalibi zai naɗa a wayarsa ya tura wa malami, tunda wayar tana aljihun kusan kowa. A fi ba da maki a kan ko an fahimci abin da ya faɗa, ba a kan ko ya yi kama da mutumin Landan ba. Ɗan Nijeriya da ɗan Gana da ɗan Indiya kowa da lafazinsa yake Ingilishi, duniya kuma tana sauraronsu.

Babbar makarantar horon malamai ta Yamai ita ke yaye waɗanda za su koyar a kwaleji da lise, don haka abin da aka shuka a can shi zai tsiro a duk faɗin ƙasa. Ina roƙon a sanya yadda ake gyara kuskure ba tare da cin fuska ba, da yadda ake hana aji yi wa mai magana dariya, su zama darasi na sosai da ake jarrabawa a kansa. Malaman jami'a ma, waɗanda yawanci digirinsu aka duba aka ɗauke su ba horon koyarwa ba, a shirya musu bita. A kuma duba yawan mata a cikinsu. Ɗalibar da ta ga mace irinta, mai lulluɓi irin nata, tsaye tana lacca da Ingilishi ba tare da kame-kame ba, ta samu amsar wata tambaya da ba ta taɓa furtawa ba. Guraben ƙaro karatu na digiri na uku su ne hanyar samar da irin waɗannan malamai.

Daga ƙarshe, duk binciken aji da na kawo muku, masanan Amurka da Kanada da Ingila ne suka yi shi. Muna da jami'o'in gwamnati a Yamai, Damagaram, Maraɗi, Tawa, Agadas, Diffa, Dosso da Tillaberi. Ma'aunan nan na fargaba da na jin daɗi a buɗe suke ga masu bincike. A fassara su zuwa Faransanci da Hausa da Zabarmanci, a raba wa ɗaliban shekarar farko a dukan jami'o'in takwas, a ware amsar mata da ta maza, ta ƴan birni da ta ƴan karkara. A haɗa da hira baki da baki, mata su yi da mata, domin akwai abin da ɗaliba ba za ta rubuta a takarda ba, kuma ba za ta gaya wa malami namiji ba. Aikin zango ɗaya ne ga malamai kaɗan da ɗalibansu, kuma ina roƙon ku ba da umurnin a fara shi a shekarar karatu mai zuwa, a kuma buga sakamakon kowa ya gani.

Allah ya yi muku jagora. Wassalam.

Taku cikin girmamawa,
Wata malamar Ingilishi